Ina so in tona asirin ma'aikatan bogi a ƙaramar hukumarmu: wace doka za ta kare ni?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana cewa:

"Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne a ɗaya daga cikin jihohin Arewa, ina sashen albashi, a mataki na 8. Tun bara na lura da sunaye fiye da 40 a takardar albashi waɗanda babu wanda ya taɓa ganin masu su a sakatariya. Uku daga ciki na san sun rasu, har jana'izar ɗaya na je. Wasu kuma lambar asusunsu ta banki ɗaya ce. Ban da wannan, sau biyu ana kawo mini baucar biyan kuɗin gyaran rijiyoyin burtsatse in shirya in sa hannu, alhali na san ba a yi aikin ba, domin ɗaya daga cikin ƙauyukan garinmu ne. Na kuwa sa hannu. Na yi wa shugaban sashenmu magana, ya ce in yi abin da aka sa ni, in bar abin da ya fi ƙarfina. Wani abokin aikinmu da ya ɗaga murya bara an tura shi ƙaramar hukumar da ke can bakin iyaka. Ina da mata da 'ya'ya shida. Abin yana hana ni barci. Akwai dokar da za ta kare ni idan na kai rahoto? Wa zan kai wa? Zan iya ɓoye sunana? Kuma gaskiya ne ana ba mai fallasa kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka ƙwato?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka maka da alheri, ya kuma kare ka da iyalinka. Tsoron da kake ji tsoro ne na mai hankali, ba zan ce maka ka cire shi ba.

Najeriya ba ta da cikakkiyar doka guda ɗaya ta kare masu kwarmata bayanai, irin wadda Ghana ta yi tun 2006. Majalisar Dattawa ta taɓa amincewa da wani ƙuduri a 2017, bai kai ga zama doka ba. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta sake amincewa da wani daftari a watan Disambar 2022, shi ma Majalisa ta tara ta tashi ba tare da ya zama doka ba. Abin da ke hannunmu wasu sassa ne a warwatse cikin dokoki dabam-dabam, kuma yawancinsu ba sa hana a cutar da kai. Suna dai ba ka abin da za ka riƙe ka nemi haƙƙinka bayan an cutar da kai. Don haka kariyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce shirin da za ka yi kafin ka buɗe baki.

Amma ka sani, shirun ma bai tsare ka ba, kuma wannan ne ya fi damuna a wasiƙarka. Hannunka yana kan bauca biyu na aikin da ba a yi ba. Ran da bincike ya zo, ko bayan canjin gwamnati ko ta hanyar wani da ya riga ka kai ƙara, mai bincike takarda yake bi. Wanda ya ba ka umarni da baki babu sunansa a jikinta, naka ne yake nan da kwanan wata. Sashe na 16 na dokar hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta 2000 ya tanadi ɗaurin shekara 7 ga jami'in da ke kula da kuɗi ko dukiyar gwamnati idan ya gabatar da bayanin ƙarya a kansu yana sane, kuma sashe na 26 ya haɗa da wanda ya taimaka aka aikata laifin. "Umarni aka ba ni" ba ya wanke mutum a gaban alƙali. Saboda haka daga yau kada ka ƙara sa hannu a irin wannan bauca.

Ƙin sa hannun ma yana da hanyarsa. Kada ka ce wa kowa ɓarawo, kada ka yi gardama a ofis. Ka tsaya a kan takarda. Baucar aiki tana tafiya ne da abubuwan da ke tabbatar da ita: amincewar kwamitin kuɗi na majalisar ƙaramar hukuma, takardar ba da aikin, takardar shaidar kammala aiki da injiniyan sashen ayyuka ya sa wa hannu, da rasitin sito idan an sayi kaya. A irin waɗannan baucoci sau da yawa akan samu ɗaya ko biyu babu, ko kuma kwanan watan kammala aiki ya riga na ba da shi. Sai ka rubuta a fayil, cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, ban ga takardar shaidar kammala aiki a haɗe ba. Ina neman a haɗo ta, ko a ba ni umarni a rubuce." Ka sa hannu da kwanan wata, ka kuma rubuta lambar fayil da ta shafin a littafinka na gida. Da wuya mai ba da umarnin ɓarna ya yarda ya rubuta shi. Mai yiwuwa su kai wa wani ya sa hannu, su kuma fara yi maka wani kallo, amma ka fitar da wuyanka, kuma ka bar shaidar cewa ka ƙi.

Batun baucoci biyun baya kuwa, ka zauna da lauya kafin ka kai rahoto ko'ina. Ra'ayina shi ne ka ambace su da bakinka a cikin rahoton, ka faɗi wanda ya kawo maka su, da ranar, da abin da ya ce. Idan ka ɓoye, su waɗanda ka kai ƙara su za su fara ɗaga su don su nuna kai ma da hannunka, daga nan duk maganarka ta zube. Idan wani abu ya shiga aljihunka daga kuɗin, komai ƙanƙantarsa, ka gaya wa lauyan gaskiya tun farko. Ka nemi lauyan da ba ya karɓar aikin ƙaramar hukumarku, zai fi kyau ma wanda ke babban birnin jiha.

Yanzu ga abin da doka ta ba ka. Mafi ƙarfi shi ne sashe na 27 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ya ce dokar sirrin gwamnati da dokar manyan laifuka ba za su cutar da ma'aikacin gwamnati ba idan ya bayyana wani bayani, ko da ba a ba shi izini ba, matuƙar yana da ƙwaƙƙwaran dalilin yarda cewa bayanin yana nuna karya doka, ko almubazzaranci da dukiyar jama'a, ko zamba, ko amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba, ko haɗari ga lafiyar jama'a. Wannan yana da muhimmanci domin makamin farko da ake ɗauko wa ma'aikaci shi ne zargin fitar da sirrin ofis, wanda ke cikin manyan laifuka a ƙa'idojin aikin gwamnati. An daɗe ana jayayya ko dokar ta shafi jihohi, sai Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025, a wata shari'a daga jihar Edo, cewa ta shafi dukkan matakan gwamnati. Sashe na 10 na dokar kuma ya mai da lalata takardu ko sauya su da gangan laifi mai ɗaurin aƙalla shekara 1.

Sai ɓoye suna. Sashe na 64 na dokar ICPC ya ce bayanin da aka kawo da wanda ya kawo shi sirri ne tsakaninsa da jami'in da ya karɓa. Sashe na 39 na dokar EFCC ta 2004 ya ce ba za a tilasta wa jami'anta su faɗi wanda ya tsegunta musu ba sai da umarnin kotu. Duk dokokin biyu suna da ɗaya gefen: wanda ya kai bayanin ƙarya yana sane zai fuskanci hukunci, a dokar ICPC har ɗaurin da zai iya kai shekara 10. Wannan bai shafi wanda ya yi kuskure da zuciya ɗaya ba, amma ya isa ya sa ka auna kowace jimla da za ka rubuta.

Ka lura da abin da babu a cikin waɗannan sassa. Babu inda suka ce kada a canza maka wurin aiki, ko kada a jinkirta ƙarin girmanka. Ma'aikatan tarayya ma, da suka fi ka kusa da idon 'yan jarida, sun ɗanɗana. Aaron Kaase na Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda ya kai ƙorafi a 2015, aka dakatar da shi, sai da ya je Kotun Ma'aikata, ya kwashe kusan shekara uku kafin ya koma bakin aiki. Ntia Thompson na wani sashe a ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje ya kai rahoto a 2016, aka dakatar da shi, aka yi masa ritayar dole, sannan aka mayar da shi a 2017 bayan ƙungiyoyi da kafafen labarai sun matsa. Duka biyun sun koma, amma bayan doguwar wahala. Ka sa wannan cikin lissafinka.

Hujja ita ce ginshiƙin komai, don haka bari in daɗe a kanta. Ka samu littafi mai ɗaurarrun shafuka, ba wanda ake yage takarda a ciki ba, ka ajiye shi a gida. Duk abin da ya faru ka rubuta a ranar: wa ya ce me, a ina, ƙarfe nawa, wa ke wurin. Ga kowace bauca ka rubuta lambarta, kwanan wata, sunan wanda aka biya, adadin kuɗi, kason kasafin da aka ciro kuɗin, da sunayen masu sa hannu bi da bi. Ga sunayen bogi ka rubuta suna, lambar fayil, sashe, matakin albashi, banki, da watan da sunan ya fara bayyana. Wannan na ƙarshe ya fi sauran amfani, domin shi ke nuna wanda ke riƙe da takardar albashi a lokacin da aka cusa sunan. Sai ka lissafa: albashin kowane suna sau adadin watanni. Rahoton da ya zo da adadi ya fi jan hankalin mai bincike fiye da wanda ya ce "ana cin maƙudan kuɗi".

Kada ka ɗauke asalin takarda daga ofis, ko guda ɗaya. Ran da aka neme ta aka rasa, kai za a tuhuma da satar takardun gwamnati, kuma ka ba su dalilin korarka a hannu. Kada ka buɗe fayil ko kwamfutar da aikinka bai ba ka izinin taɓawa ba. Abin da ya biyo ta teburinka shi ne naka. Idan za ka ɗauki hoto da waya, ka ɗauki shafin gaba ɗaya har da hatimi da sa hannu, ka kwashe hotunan daga wayar a ranar zuwa wani wuri dabam, kamar adireshin imel sabo da ba ya ɗauke da sunanka, ka kuma ba lauyanka kwafi. Kada ka yi amfani da kwamfutar ofis ko injin kwafin ofis, kada kuma ka kai aikin shagon buga takardu da ke bakin sakatariya, inda mai shagon ya san kowa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. A ƙarƙashin Dokar Shaida ta 2011, kotu ba ta karɓar kwafin takardar gwamnati sai wanda jami'in da ke ajiye da ita ya tabbatar da hatimi. Wato hotunanka ba su ne za su ɗaure kowa ba. Amfaninsu shi ne su nuna wa mai bincike ainihin takardar da zai nema da inda take, ta yadda idan ta ɓace bayan nan, ɓacewar ma ta zama hujja. Saboda haka a rahotonka ka lissafa masa abin da zai iya samowa da ikonsa: jadawalin biyan albashi da aka aika banki, binciken lambar BVN na asusun da suka maimaitu, fayil ɗin kowane ma'aikaci a rajista, littafin sa hannun zuwa aiki, da tantance ma'aikata ido da ido ba tare da sanarwa mai tsawo ba. Ma'aikacin bogi yakan rasa takardar ɗaukar aiki ta asali, ko a tarar da fayil ɗinsa shafi biyu ne babu takardar hutu ko ta ƙarin girma tsawon shekaru. Mamatan uku kuwa su ne mafi sauƙin tabbatarwa, domin iyalansu da mai unguwa sun san ranar rasuwa.

Kafin ka motsa, ka share gabanka. Ba za su rubuta cewa sun hukunta ka don ka kai ƙara ba. Za su duba latti, fashin aiki, kuɗin tafiya da ka karɓa ba ka kawo rasit ba, ko saɓani a shekarar haihuwa. Ka rufe duk wani kuɗin da aka ba ka na aiki wanda ba ka yi bayaninsa ba. Ka riƙa zuwa a kan lokaci kana sa hannu. Ka kwafi takardar ɗaukarka aiki, ta tabbatar da kai, ta ƙarin girma, takardun makaranta, da bayanan asusunka na banki da ke nuna shigar albashi, ka ajiye a gida, domin fayil ɗin mai ƙorafi yakan yi ɓatan dabo a rajista.

To wa za ka kai wa? A tsarin aiki, mai binciken kuɗi na cikin gida ne ke duba bauca kafin a biya, kuma yana da hanyar ankarar da Babban Mai Binciken Kuɗi na Ƙananan Hukumomi na jiha. Sai dai baucocin da kake magana sun wuce ta teburinsa an biya, wannan kuwa ya isa ya sa ka yi hattara da shi. Shi Babban Mai Binciken yana da ikon duba littattafanku, rahotonsa kuma yana zuwa Majalisar Dokokin jiha, amma ba ya gurfanar da kowa, kuma jami'ansa da ke zagayawa sun saba da ma'ajinku. Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi ma ka yi tunani kafin ka tunkare ta. A jihohi da yawa an daɗe ana sarrafa albashin ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa, kuma ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, hannun jiha bai fita daga harkar ba. Idan daga sama aka cuso sunayen, ka kai ƙara wurin mai laifi ke nan. Wasu jihohi suna da hukumarsu ta yaƙi da cin hanci, kamar ta Kano, kuma suna da saurin isa ƙaramar hukuma, amma ka duba alaƙar wanda kake zargi da gwamnatin jiha kafin ka zaɓe su.

A irin matsalarka, ni ICPC nake ganin ta fi dacewa. Dokarta ta ambaci ma'aikatan ƙananan hukumomi cikin jami'an gwamnati, Kotun Ƙoli ta tabbatar tun 2002, a shari'ar da jihar Ondo ta shigar, cewa dokar tana aiki a duk faɗin ƙasa, kuma hukumar ba ta ƙarƙashin gwamna. EFCC ma tana da hurumi, musamman idan kuɗin suna da yawa ko an bi da su ta asusun kamfanoni. Ka zaɓi ɗaya. Watsa takarda ɗaya zuwa ofisoshi bakwai, da jerin "kwafi zuwa ga" a ƙasa, shi ne hanya mafi sauri da labari ke isa kunnen ciyaman kafin mai bincike ya tashi daga kujerarsa.

Takardar kada ta wuce shafi biyu ko uku, sai abubuwan da ka haɗa, kowanne da lambarsa. Ka rubuta ta zuwa ga shugaban hukumar da ka zaɓa, ICPC ko EFCC. Ka raba abin da ka gani da idonka da abin da aka gaya maka, ka faɗi kowanne a matsayinsa. "Sunan wane yana cikin albashin watan kaza alhali ya rasu a watan kaza" magana ce da za a iya bincika. "Ma'aji ne ke cinye kuɗin" zargi ne da ba ka da hujjarsa tukuna, ka bar wa mai bincike ya gano wanda ke cirewa. Ka bar zagi, ka bar siyasa, ka bar tsohuwar gaba. A sakin layi na farko ka nemi a ɓoye sunanka bisa sashe na 64 na dokar ICPC idan ita ka zaɓa, ka kuma roƙi kada a haɗa kwafin takardarka cikin wasiƙar da za a aika wa ƙaramar hukuma don neman bahasi, domin ta nan asirin mutane da yawa ke tonuwa. Ka je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata ka dawo da shi. Wannan hatimi shi zai nuna wa kotu daga baya cewa ƙorafinka ya riga hukuncin da aka yi maka.

Kana iya aikawa ba suna sam, amma irin wannan takarda ba ta cika yin nisa ba, domin babu wanda za a kira a yi wa tambaya, kai ma ba ka da hanyar bibiya, kuma idan an gano ka aka cutar da kai, zai yi wuya ka tabbatar cewa saboda rahoton ne. Hanya ta tsakiya ita ce lauya ya rubuta a madadin wanda yake wakilta ba tare da ambaton suna ba, ko ka bi ta ƙungiyar da ta saba da wannan aiki, kamar AFRICMIL da ke Abuja. Sai dai ka yi wa kanka wannan tambaya: mutum nawa ne ke ganin takardar albashi? Idan ku uku ne, kuma kai ne ka taɓa yi wa shugaban sashe magana, to ko ba suna za a zarge ka. Shi ya sa nake ganin a fara da rijiyoyin. Rijiyar da ba ta ba da ruwa kowa a ƙauyen ya san ta. Ƙungiyar ci gaban gari ko wani ɗan gari yana da ikon rubuta wa ƙaramar hukuma a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai yana neman jerin rijiyoyin da aka gyara da kuɗin da aka kashe, doka kuma ta ba su kwana 7 su amsa. Ta nan bincike zai iya shigowa ba ta teburinka ba, idan kuma ya shigo, albashi ma za a iya kai wa gare shi.

Ka nisanci Facebook da zaurukan WhatsApp. Da zarar ka ambaci sunan mutum a fili, ka ba shi damar shigar da kai ƙarar ɓata suna a kotun majistare, wanda laifi ne a dokar Final Kod mai ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko a yi amfani da sashe na 24 na dokar laifukan intanet a sa 'yan sanda su ɗauke ka. Ko da ka yi nasara a ƙarshe, ka kwana a tsare, kuma ka ba su lokacin gyara takardu. Ɗan jarida mataki ne na baya, idan hukuma ta yi watanni ba motsi, shi ma da shawarar lauya. Majalisar hira ta bayan la'asar ma haka. Sirrin da abokin aiki ɗaya ya ji, sakatariya ta ji.

Idan ramuwar gayya ta zo, yawanci da takardar tuhuma take farawa. Ka karɓa, ka rubuta ranar da lokacin da ka karɓa, ka amsa cikin wa'adin da aka ba ka ko da awa 24 ne, ka amsa abin da aka tambaya kawai, ka riƙe kwafi mai hatimi. Ƙin amsawa laifi ne mai zaman kansa. Idan canjin wurin aiki ne, ka je ka kama aiki, sannan ka rubuta ƙorafi. Wanda ya ƙi zuwa ana rubuta masa fashin aiki, wannan kuwa dalilin kora ne da kotu za ta amince da shi. Ka kuma san cewa a mataki na 8 kana cikin ma'aikatan da Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ta jiha ke da ikon ɗauka, ƙarin girma da ladabtarwa, wato daga mataki na 7 zuwa sama. Ciyaman ko daraktan mulki ba shi da ikon korarka da kansa. Dole a tuhume ka a rubuce, a ba ka damar kare kanka, hukumar ta yanke. Duk inda aka tsallake ɗaya daga cikin waɗannan, lauyanka ya samu abin riƙewa, domin sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum.

Ranar da aka taɓa ka, ka sanar da jami'in da ke binciken ƙorafinka a rubuce. Ka rubuta wa Hukumar Kula da Ma'aikatan, ka sanar da ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, reshen jiha idan na ƙaramar hukumarku ya yi kusa da shugabanni. Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a ta tarayya tana da ofis a kowace jiha, kyauta take aiki, ƙananan hukumomi na cikin huruminta, amma ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12 ko wanda ke gaban kotu. Kotun da ke da hurumin rikicin aiki ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, bisa sashe na 254C na kundin tsarin mulki, tana da rassa a Kano, Kaduna, Sakkwato da wasu biranen. Tana iya soke kora, ta mayar da mutum aiki, ta sa a biya shi albashin da aka riƙe. A nan ne mutane ke faɗuwa saboda lokaci: akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta ƙayyade wata 3 don shigar da ƙara, kuma duk da kotuna sun yi saɓani kan ko ta shafi rikicin aiki, kada ka gwada sa'arka. Dokokin ƙananan hukumomi na jihohi da dama kuma suna buƙatar a ba ƙaramar hukuma sanarwa a rubuce kafin a kai ta kotu, galibi ta wata guda. Ke nan kada ka zauna jiran dattawa su sasanta har wa'adin ya ƙare. A yi sulhu, amma lauya ya aika sanarwar tun a makon farko. Idan kuwa barazana ce ga rai, ka adana saƙon ko lambar da ta kira, ka kai rahoto a rubuce ga kwamishinan 'yan sanda na jiha, ba ofishin yankinku kaɗai ba, ka kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa kwafi.

Batun lada gaskiya ne, amma kada ka sa shi a lissafi. Tsari ne da Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta ƙaddamar a Disambar 2016, na kashi 2.5 zuwa 5 cikin 100, kuma sai bayanin ya zama sabo ga gwamnati, ya kuma kai ga dawo da kuɗin. Tsari ne, ba doka ba, ba ya ɗaure hukumar ma'aikatan jiharku da komai. Ko wanda ya tsegunta dala miliyan 43 da aka samu a wani gida a Ikoyi a Afrilun 2017 sai da ya yi watanni yana jira kafin a biya shi. Ambaton lada a takardarka ma yana ba abokan hamayya damar cewa kwaɗayi ne ya kawo ka.

Ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata abin da kake shirin yi, gwargwadon abin da ya kamata ta sani, domin idan albashi ya tsaya ita za ta fara ji a tukunya. Ka yi ƙoƙarin tanadin abinci da kuɗin makaranta na wata uku zuwa shida, ka rage bashin da ake cira daga albashi. Idan wani ya ce maka wannan gulma ce ko tona asirin ɗan'uwa, malamai sun bayyana cewa kai ƙarar zalunci ga mai ikon hana shi ba ya cikin gulmar da aka haramta, kuma kuɗin nan haƙƙin mutanen ƙauyenku ne da ke sayen ruwan jarka. Idan ka auna ka ga ba za ka iya ɗaukar kai rahoto yanzu ba, ba zan zarge ka ba. Ka daina sa hannu, ka ci gaba da rubuta abin da kake gani, ka nemi a mayar da kai wani sashe. A wannan makon dai ka sayi littafin, ka kwafi takardun aikinka, ka ga lauya a kan baucocin nan biyu. Allah ya yi maka jagora.